Sandar Awon Mai

Mako biyar ledar nan ta yi a bayan ƙofar ɗakin ɗinkina ban taɓa ta ba. A asibiti aka miƙo mini ita ranar da jirgin maigidana ya faɗi, aka ce kayan jikinsa ne. Na leƙa na hango jaket ɗinsa an keta ta da almakashi tun daga wuya har ƙasa, jini ya bushe a kafaɗa, sai na ƙulle bakin ledar na kawo ta gida. Ni tela ce, shekara talatin da huɗu ina yankan yadi, amma wannan yankan na kasa kallonsa.

Maigidana likitan dabbobi ne. Yana da ɗan ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, da shi yake kai allurar rigakafi gonakin kiwo masu nisa, inda mota za ta kwana biyu a hanya maganin ya lalace. A gida da cikin gari Likita ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. A filin jirgi kuwa sunansa Sau-Biyu, saboda babu abin da yake dubawa sau ɗaya. Ko ƙofar gida ya kulle sai ya koma ya murɗa ta. Na sha tsayuwa cikin rana da jaka a hannu ina jiran ya gama zagaye mota yana latsa tayoyi. Halin nan yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba, amma shi ne ya sa nake iya zama a kan keke ina ɗinki hankalina kwance alhali mijina yana can sama.

Ranar wata Talata, saura minti goma ya iso gida, injin ya mutu. Ya nemi fili ya sauke jirgin a wata gona, har ya kusa tsira lafiya, sai tayar gaba ta faɗa ramin ban-ruwa, jirgin ya kife. Ƙugu ya karye, ƙafar dama gida biyu, haƙarƙari uku. Likitocin mutane suka ce zai taka in an yi haƙuri, amma tuƙin jirgi kam ya yi bankwana da shi.

Da aka sallamo shi muka sa masa gado a falo, sai 'yan dubiya suka buɗe ofishin bincike a kan kujeruna. Ƙanensa, wanda ko keke bai iya hawa ba, ya ce iska ce, akwai wata iska da take zuwa daga sama ta danne jirgi. Maƙwabcinmu mai kantin magani ya ce hawan jini ne, mutum in ya haura sittin bai kamata ya yi nisa da ƙasa ba. Gwaggonsa ta ce baki ne kawai, mutane ba sa son su ɗaga kai su ga wani a bisansu. Mijin 'yarmu ya zauna da waya a hannu yana karanto mana jeri, wai ruwa kan shiga tankin mai, tsuntsu kan faɗa wa farfela, kaya kan yi yawa, har zanzaro kan yi gini a cikin ɗan bututun da ke nuna gudun jirgi.

Likita yana kwance yana amsa musu ɗaya bayan ɗaya, ko murya ba ya ɗagawa. Sama a buɗe take tas ranar, ko gajimare babu. Ya tsiyayi ƙasan tanki a kwalba, babu ɗigon ruwa. Ya leƙa bututun, ya auna kayan a sikeli, kowanne sau biyu. Jininsa kuwa ya fi na mai kantin maganin kyau. Ni dai ina kai shayi ina kwashe kofuna, ina addu'ar su gaji su tafi.

Wadda aikinta ne ta san dalili ba ta da surutu ko kaɗan. Wata siririyar mace ce mai tabarau daga wajen masu binciken haɗarin jirage, muna ce mata Malama. Ta jawo kujera kusa da gadon, ta buɗe ɗan littafinta.

"Likita, mun kwance injin, lafiyarsa ƙalau. Tankunan biyu ne muka tarar a bushe. Mai ne ya ƙare maka."

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Ban cika tanki ba, gaskiya ne, kuma da gangan na ƙi cikawa. Akwatunan ƙanƙara shida na ɗauka da injin ban-ruwan mai gonar, ga zafi, ga titin gonar gajere. In na cika, nauyi ya yi yawa. Sai na hau tsani na tsoma sandata ta awon mai a tankunan. Hamsin a dama, hamsin a hagu, lita ɗari ke nan. Zuwa da dawowa tamanin jirgin yake ci. Ashirin ta rage mini ta ko-ta-kwana."

"Agogon mai fa, me ya nuna maka a hanya?"

"Ya riƙa sauka da sauri fiye da ƙima. Amma agogon ƙananan jiragen nan maƙaryaci ne, ke ma kin sani. Shi ya sa nake da sanda."

"Ina sandar yanzu?"

"Tana aljihun jaket ɗina."

Ta juyo ta dube ni. Na ce zan duba. Ta ce babu gaggawa, sanda ai sanda ce, in na gani in kira ta. Ban duba ba.

To, lita ashirin da wani abu sun ɓace a sama, dole akwai inda suka bi. Kwana shida kafin haɗarin an canza wa jirgin tiyon mai, wanda ya canza kuwa makanikinsa ne, Sifana. Tiyon ya yage lokacin da jirgin ya kife, babu mai iya cewa ko dama can a kwance yake yana yoyo. Aka dakatar da lasisin Sifana har sai an yi zama a kan maganar, aka sa ranar wata Alhamis.

Sifana makanikin jirage ne, gajere mai sanƙo, abokin Likita tun kafin a auro ni. Sunan ya samo shi ne daga sifanar da ba ta barin aljihunsa na baya. Wandunansa nawa na yi wa faci saboda ita, ni kaina ban san adadi ba. Duk Asabar a gidanmu yake wuni, su yi ta musu a kan injina har in kore su waje. Bayan an dakatar da shi ya zo dubiya sau ɗaya, ya ɗosana a bakin kujera kamar baƙo.

"Na ɗaure shi, Likita. Wallahi na san na ɗaure shi."

Likita yana kallon fankar sama ya ce, "Kowa yana kuskure. Allah ya riga ya rubuta."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Ni ma ba zan wanke kaina ba, ranar ko ruwa ban kawo wa Sifana ba. Ina ganin mijina a kwance ana juya shi kamar jariri, zuciyata tana neman wanda za ta ɗora wa, ga shi kuwa an kawo mini shi har falo.

Saura kwana uku zaman, matar Sifana ta zo ɗakin ɗinkina karɓar yadinta da ban ɗinka ba. Ba ta zauna ba. Ta ce masu jirage sun kwashe aikinsu sun kai wani wuri, mijinta ba ya cin abinci, kullum sai ya shirya ya tafi filin jirgi ya zauna ya dawo.

"Ya ce ranar Alhamis zai amsa laifin a wuce wurin. Wai tunda Likita ya ce ɗari ne, to ɗari ne." Ta naɗe yadin ta sa a hammata. "Shekara arba'in yana aikin nan, Yaya, ko kusa ɗaya bai taɓa mantawa ba."

Da ta fita na zauna ina huci. Haushinta nake ji, don a ganina mijina take ƙaryatawa. Na ce bari in ɗauko sandar nan in kai wa Malama, kowa ya ga da abin da Likita ya auna, bakin mutane ya mutu. Da wannan zuciyar na kwance ledar.

Sandar tana nan inda na san za ta kasance. Ni na ɗinka mata aljihu, dogo siriri, a cikin shafin jaket ɗin ta hagu, shi ya sa masu almakashin asibiti ba su gan ta ba. Katako ne, tsawonta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ta yi baƙi ta yi santsi saboda riƙo, har yanzu tana warin fetur. An sassara ta da wuƙa daki-daki, kowace sara da lambarta da jan farce. Rubutuna ne.

Shekarar da aka yi aurenmu muka yi ta. Lokacin ya sayi jirginsa na farko, ya kai ni in gani, ni kuwa na ci ado ina zaton yawo za a kai ni sama. Ashe aiki ya kira ni. Ya tsiyaye tanki ƙaf, ya riƙa zuba jarka ɗaya mai lita goma, ya tsoma sanda, ya sara inda jiƙar ta tsaya, ya miƙo mini in rubuta lamba. Babu fenti a kusa, sai na ciro jan farce daga jakata. Muka wuni a rumfar jirage, na koma gida ina warin mai, na yi kwana biyu ba na yi masa magana. Bayan nan duk shekara biyu ko uku in lambobin sun dusashe yakan kawo mini in sabunta, ina mita ina yi, alhali a raina daɗi nake ji.

Na riƙe ta ina bin lambobin da yatsa. Goma, ashirin, talatin, har sama. Ta ƙarshe casa'in da biyar.

Nan yatsana ya tsaya. Wata takwas da suka wuce Likita ya sayar da tsohon jirgin ya sayi wani, kamfani ɗaya, ƙira ɗaya, in ba don launi ba ba ka bambance su. Na tuna shi zaune a teburin cin abinci yana duba takardun sabon yana ƙorafi, wai komai ya yi sai dai tankinsa ƙarami ne, saba'in da biyar kowane fiffike, ba kamar tsohon ba da aka yi wa manyan tankuna don doguwar tafiya. Ban san komai a kan jirgi ba, amma na san awo. Mace mai jiki da siririya za su iya zuwa da tsawon siket ɗaya, yadin da za su ci ba ɗaya ba ne. Sandar nan zurfi kawai take gani, ba ta san faɗin tankin da aka tsoma ta ba.

Sai kuma na tuna abin da ya fi wannan ciwo. Ranar da mai sayen tsohon jirgin ya zo ɗauka, Likita ya bar sandar a aljihun bayan kujera, ya ce ta jirgin ce, ta bi shi. Ni ce na faki ido na zaro ta na sa a jaka. Da muka dawo gida na miƙa masa na ce rubutuna ne, ba na bayar da shi ga wani ƙato. Ya yi dariya, ya ce Tela ba ta asara, ya zura ta a aljihun da ta saba zama. Daga nan babu wanda ya sake maganarta. Wata takwas yana cika tanki har wuya duk tafiya, ido kawai yake leƙawa da shi, ba ya bukatar awo. Sai ranar nan ɗaya da tsantseninsa ya sa ya ƙi cikawa.

Washegari da safe na ce masa zan shiga kasuwa sayen zare, na wuce filin jirgi. Na tarar da Sifana a rumfarsa zaune a kan tsohuwar taya, akwatin kayan aikinsa a kulle, ya share wurin tas har babu abin sharewa. Ya miƙe da sauri.

"Uwargida, lafiya? Jikin nasa ne?"

Na ciro sandar daga jaka. Ya dube ta, ya dube ni, ya koma ya zauna. Bai tambaye ni ko mece ce ba.

"Akwai jirgi irin nasa a nan?" na ce.

"Akwai na makarantar koyon tuƙi, a rumfar can. An tsiyaye shi jiya za a canza masa murfin tanki."

"Tashi mu je."

Mai makarantar ya san ni, ya ce mu yi abin da za mu yi, zuba mai ai ba gyara ba ne. Sifana ya hau tsani da mazurari, ni ina ƙasa ina ƙirga jarkoki kamar shekara talatin da huɗu da suka wuce, sai dai yanzu babu ado. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Lita arba'in. Ya tsoma sandar har ta taɓa ƙasa, ya zaro ya miƙo mini. Jiƙar ta tsaya a kan hamsin, har ta ɗan haura.

"Ɗaya fiffiken," na ce.

"Uwargida, ai duk ɗaya ne."

"Matar Sau-Biyu ce ni. Matsar da tsanin."

Haka ta sake nunawa. Ɗarin da Likita ya gani ko tamanin ba ta cika ba, ga kuma wanda yake kwanciya a ƙasan tanki injin ba ya iya zuƙa. Babu litar da ta ɓace a sama. Tun a ƙasa ba a zuba ta ba.

Muka fito muka tsaya a inuwar rumfa. Wani ɗan jirgi yana ta tashi yana sauka a kan titi, ana koya wa wani. Sifana yana goge hannu da tsumma, ya goge ya sake gogewa.

"Ka sani," na ce.

"Na gan ta a hannunsa ranar. Ina can bakin famfo ina wanke hannu, shi yana kan tsani. Na ce a raina, wannan ba ta tsohon ba ce? Sai kuma na ce haba, Sau-Biyu ne fa, ya sake sara ta mana. Wa zai je ya tambayi Sau-Biyu ko ya duba? Ke kin taɓa?"

Ban taɓa ba.

"Bayan haɗarin fa? Ba ka tuna ba?"

"Kullum sai na tuna. Amma ban tabbata ba sai yau. Wani lokaci in ce sandar ce, wani lokaci in ce ni ne, in yi ta ganin hannuna a kan tiyon nan har in rasa ko na ɗaure ko mafarki na yi." Ya ninke tsumman. "Ki ji, Uwargida. Shekarata sittin da uku, dama saura ƙiris in ajiye. Shi ƙafa ta tafi, jirgi ya tafi. Sunan nan kaɗai ya rage masa. Ki jefa ta a kwata ki koma gida. Jibi in amsa, shi ke nan."

Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi. Na ce masa shi da abokin nasa duk kansu ɗaya, taurin kai ne ya haɗa su. Na ce ranar da ya kamata ya yi magana kunya ta hana shi, yau kuma da ya kamata ya kare kansa yana neman ya yi mana gwaninta. Na ce matarsa fa, ita wa ya tambaye ta? Ya sunkuyar da kai yana ji. Da na gama na ce masa ya yafe mini ruwan da ban ba shi ba. Ya ce wane ruwa, shi bai ma lura ba. Ƙarya yake yi.

Bakina ya fi zuciyata ƙarfi. A hanyar gida na sauka daga mota tun kafin layinmu, na taka a ƙafa, na tsaya a kan 'yar gadar da ke bisa babbar kwata. Ruwa yana gudu a ƙasa, baƙi, ɗauke da robobi. Hannuna yana cikin jaka a kan sandar. Tsoro nake ji, kuma ba don Likita kaɗai ba. In sandar ta yi magana, har da ni za ta ambata. Na daɗe a wurin har wani mai tura baro ya ce Hajiya a ba shi hanya. Na matsa masa, daga nan ƙafata ta ci gaba da tafiya, na bi ta.

Na same shi an ɗaga masa filo yana motsa yatsun ƙafa kamar yadda mai gashin ƙashi ya koya masa, yana ƙirgawa. Ƙarfen koyon tafiya yana jingine a bango inda yake tun ranar da aka kawo shi, ya ƙi ko kallonsa. Na ajiye sandar a kan zanin gadon.

Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin haɗarin.

"Yauwa, Tela! Kin samo ta. Kira Malama ki kai mata, ta ga hamsin ɗin da idonta."

Na zauna a bakin gadon. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu.

"Likita, karanta mini lambar sama."

"Sai ka ce ba ke kika rubuta ba. Casa'in da biyar."

"Tankin sabon jirgin nawa yake ci?"

Ya ɗaga sandar kusa da fuskarsa. Na ga idonsa ya sauka a kan sandar ya hau, ya sake sauka ya hau. Fanka tana ta juyawa. A waje wani yana tallan ruwa. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana ba sai ranar.

"Saba'in da biyar," ya ce a hankali. Can kuma ya ce, "Na sani fa. A takarda na sani, ni na sa hannu. Hannuna ne ya shiga aljihu ya ɗauko abin da ya saba ɗaukowa."

Na gaya masa inda na je da abin da muka yi, jarka huɗu, jiƙa a kan hamsin.

"Sau nawa kuka auna?"

"Sau biyu. Dama da hagu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce agogon ma gaskiya ya gaya masa, tun daga rabin hanya allurar take roƙonsa, shi kuwa yana ƙwanƙwasa gilashin da yatsa yana ce mata maƙaryaciya. Akwai filin da zai iya sauka ya sha mai, ya wuce ta kansa yana kallonsa.

Nan kuka ya ƙwace mini. Na ce ni ce, ni na zaro ta daga tsohon jirgin, da na bar ta ta bi shi da yanzu yana kan ƙafarsa. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ɗora hannu a kan nawa.

"Ke abin tunawa kika ba ni. Ni na mai da shi ma'auni. Kada ki ƙwace mini laifina, Tela, shi ma nawa ne."

Sai ya tambaya ko Sifana ya sani. Na gaya masa duka, har da maganar kwata, har da abin da ya yi niyyar yi ranar Alhamis. Ya rufe ido.

"Na ce masa kowa yana kuskure," in ji shi. "Ko kallonsa ban yi ba."

"Na ji ka. Ina wurin."

"Miƙo mini waya."

Na ɗauka ina neman lambar Malama. Ya ce a'a, Malama ta jira, ba ita ce ta farko ba.

Bayan la'asar na ji tsayuwar tsohon babur ɗin Sifana a ƙofar gida, na san ƙararsa ko cikin barci. Na miƙe zan buɗe, Likita ya ce in dakata. Ya nuna ƙarfen da ke jingine a bango.

"Kawo mini wancan."

"Ba ka taɓa gwadawa ba. Mai gashi ya ce sai yana nan."

"Mutumin nan ba zai same ni a kwance ina kallon fanka ba. Kawo."

Na kawo. Ya zuro ƙafafu ƙasa, ya kama ƙarfen, ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa, gumi ya karyo masa, na tallafi hammatarsa, ya miƙe yana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Taku shida ne daga gadon zuwa ƙofar falo, mun fi minti biyar muna yin su. Sifana yana waje yana ta sallama, yana zaton ba mu ji ba.

Da muka isa na kai hannu zan murɗa ƙofar, Likita ya ture hannuna. Ya saki ƙarfen da hannu ɗaya, ya buɗe da kansa.